Me Ya Sa Hafsoshin Ostareliya Ke Koyon Aiki a Jiragen Nukiliya na Amurka da Birtaniya?

Tambayar da aka aiko ita ce: "Na ji cewa hafsoshin sojan ruwan Ostareliya suna karɓar horo a Amurka da Birtaniya, har suna shiga jiragen ƙarƙashin teku na waɗannan ƙasashe suna aiki, alhali jirginsu na farko mai amfani da nukiliya ba zai iso ba sai bayan shekarar 2030. Ai sun daɗe da irin waɗannan jirage, to me ya rage musu da koyonsa zai ci shekara goma? Kuma anya wannan ba hanya ba ce ta ba su makaman nukiliya a fakaice?"

Malam mai tambaya, gaskiyarka ne cewa Ostareliya ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Tun a shekarar 1914 ta mallaki jiragenta na farko masu tafiya a ƙarƙashin teku, kuma a yanzu tana da guda shida samfurin Collins, waɗanda aka ƙera a birnin Adelaide suka fara aiki tsakanin 1996 da 2003. Sai dai dukkansu da man dizal da batir suke tafiya, abin da ake son koya wa ma'aikatansu yanzu kuwa shi ne kula da tukunyar nukiliya, wato na'urar da ke samar wa jirgi ƙarfi daga makamashin nukiliya, fannin da rundunar ba ta taɓa samun mutum ko ɗaya a cikinsa ba. A ɓangaren farar hula ma abin da ƙasar take da shi bai wuce tukunya guda ta bincike da ke Lucas Heights a gefen birnin Sidni ba, tun da dokokinta sun haramta gina tashar lantarki ta nukiliya, saboda haka babu wata masana'anta a gida da za a ɗebo ƙwararru daga cikinta.

Tushen maganar shi ne ƙawancen AUKUS da shugabannin Amurka da Birtaniya da Ostareliya suka sanar ranar 15 ga Satumba, 2021, wanda ya sa Ostareliya ta soke kwangilar jirage 12 masu dizal da ta ƙulla da Faransa, har ran Faransa ya ɓaci ta kira jakadunta na Washinton da Kanbera gida. A watan Maris na 2023 ne aka fayyace matakan a birnin San Diego na Amurka: daga 2027 jiragen Amurka har guda huɗu da na Birtaniya guda ɗaya za su riƙa zaman karɓa-karɓa a sansanin HMAS Stirling kusa da Perth, a farkon shekarun 2030 Amurka za ta sayar wa Ostareliya jirage uku samfurin Virginia tare da damar ƙarin biyu, sa'an nan a farkon shekarun 2040 Ostareliya ta fitar da nata na farko daga Adelaide bisa zanen da take haɗawa da Birtaniya. Matakin da ya riga duk waɗannan, wanda kuma aka fara nan take, shi ne tura mutane koyo.

Ma'aikatan irin waɗannan jirage sukan raba jirgi gida biyu a maganarsu, gaba da baya. A gaba ake da na'urorin sauraren sauti, da makamai, da ɗakin da kwamanda yake ba da umarni, kuma a nan ɗan Ostareliya ba zai ji baƙunta sosai ba, domin tsarin kwamfutar yaƙi da ke cikin Collins dangin wanda ke cikin jiragen Amurka ne, nakiyar ruwa ta Mk 48 da suke harbawa ma tare ƙasashen biyu suka inganta ta. A baya ne komai ya sauya. Jirgin dizal dole ne ya riƙa tasowa kusa da saman ruwa ya fitar da bututu ya shaƙi iska domin ya kunna inji ya yi cajin batir, kuma in ya ce zai yi gudu sosai a ƙarƙashin ruwa cikin 'yan sa'o'i batirin zai ƙare. Na nukiliya ba ya bukatar iskar waje, yana iya wuce kilomita 45 a awa ya kuma ɗore a haka, yana samar da iskar shaƙa da ruwan sha daga ruwan teku, abin da yakan komo da shi gida shi ne ƙarewar abinci bayan kimanin wata uku. Ga ƙasar da ke da nisan dubban kilomitoci tsakanin sansaninta da ruwayen da take son sa wa ido, wannan ne ya sa ta yarda da tsadar da gwamnatinta ta ƙiyasta a tsakanin dalar Ostareliya biliyan 268 da 368.

Yadda tukunyar take aiki ba shi da wuyar faɗi. Ƙwayoyin zarra na yuraniyom suna tsagewa suna fitar da zafi, ruwan da aka danne da matsi mai ƙarfi don kada ya tafasa yana zagayawa ya ɗebo zafin, ya miƙa shi ga wani ruwan daban da ke cikin nasa bututun, wannan na biyu ya zama tururi ya juya injinan da ke juya farfela da janareta. Wahalar tana cikin wata ɗabi'a da injin dizal ba shi da ita. Idan ka kashe injin dizal ya mutu ke nan, amma idan aka saki sandunan da ke tsayar da tsagewar zarra suka faɗa cikin tukunya, zafi ba ya yankewa, domin ragowar abubuwan da suka tsage suna ci gaba da ruɓewa suna fitar da kusan kashi 6 zuwa 7 cikin 100 na zafin da ake samu kafin a kashe, ya riƙa raguwa a hankali cikin sa'o'i da kwanaki. Kamar murhu ne da aka zare wa itace amma garwashinsa na nan da rai, sai dai wannan garwashin in aka daina sanyaya shi yana iya narkar da ƙarfen da ke riƙe da shi. Ma'anar haka ita ce tun daga ranar da aka fara kunna tukunyar har zuwa shekaru bayan an sallami jirgin daga aiki, babu sa'ar da za a bar ta ba tare da ƙwararren da ke da alhakinta ba, ko jirgin yana tsakiyar teku ko yana ɗaure a tasha ranar hutu. A ƙarƙashin ruwa kuma akwai ƙarin matsi a kan mai kula da ita, domin kashe ta don kariya yana nufin rasa ƙarfin da jirgin ke bukata ya taso, wato dole ya auna haɗari biyu a lokaci guda cikin 'yan daƙiƙoƙi.

Wannan ba zato ba ne. Ranar 10 ga Afrilu, 1963, jirgin Amurka mai suna Thresher ya nutse a gabashin Boston yayin gwajin zurfi, mutum 129 suka halaka. Kwamitin bincike ya karkata ga cewa wani mahaɗin bututu ne ya ɓalle, ruwa ya taɓa kayan lantarki, tukunya ta kashe kanta, sa'an nan ƙanƙara ta toshe hanyar iskar da za ta kori ruwa daga tankunan da ke sa jirgi ya taso. Akwai masana da ke jayayya kan abin da ya fara lalacewa, amma babu jayayya kan darasin da aka ɗauka: ƙa'idar lokacin ta ce a rufe bawul ɗin tururi da zarar tukunya ta mutu, kuma sake kunna ta yana ɗaukar lokacin da jirgi mai nutsewa ba shi da shi. Bayan haɗarin aka sauya ƙa'idar aka samar da hanyar farfaɗo da tukunya cikin sauri, aka kuma kafa tsarin bin diddigin kowace walda da kowane bawul da ke hana ruwan teku shiga. Shekara biyu kafin haka, a 1961, bututun sanyaya tukunyar jirgin Tarayyar Sobiyet K-19 ya fashe a arewacin Tekun Atlantika, ma'aikata suka shiga ɗakin tukunya suka haɗa wani bututun da hannunsu, takwas daga cikinsu suka mutu cikin 'yan makonni saboda gubar nukiliya. Yawancin abin da ake koya wa hafsa a yau amsa ce ga wani abin da ya taɓa faruwa da wasu, shi ya sa waɗanda suka tara wannan tarihi suke ganin ba a iya miƙa shi ta hanyar littafi kaɗai.

Tsarin Amurka duka ya fito ne daga hannun mutum ɗaya, Admiral Hyman Rickover, wanda ya jagoranci ƙera Nautilus, jirgin nukiliya na farko da ya fara tafiya a watan Janairun 1955, ya kuma riƙe ragamar shirin har zuwa 1982. Rickover mutum ne mai tsanani da wuyar sha'ani, kuma da kansa yake yi wa kowane hafsa tambayoyi kafin a ɗauke shi, cikinsu har da Jimmy Carter wanda daga baya ya zama shugaban ƙasa. Al'adar ba ta mutu da shi ba, har yau shugaban hukumar da ke kula da tukwanen nukiliyar rundunar ruwan Amurka, wanda admiral ne mai tauraro huɗu da ake naɗawa na wa'adin shekara takwas, shi yake ganawa da hafsoshin da ke neman shiga. Rundunar tana alfahari da cewa ba ta taɓa samun haɗarin da ya lalata cikin tukunya ba, kuma wannan tarihi ne yake sa ƙasashe da dama su bar jiragenta su shiga tashoshinsu. In har haɗari ya auku a Perth a cikin tukunyar da Amurka ta ƙera, ba sunan Ostareliya kaɗai zai ɓaci ba, jiragen Amurka ma za su iya tarar da ƙofofi a rufe a Japan da sauran wurare. Don haka nacewar da Amurka ta yi cewa sai 'yan Ostareliya sun bi ta makarantunta, sun rubuta jarrabawar da 'ya'yanta suke rubutawa ba tare da sassauci ba, kare kanta take yi kafin komai.

Hanyar da hafsa yake bi a Amurka tana da zango uku kafin ya taka jirgin yaƙi. Na farko makarantar nukiliya ce da ke Goose Creek kusa da Charleston a jihar Karolaina ta Kudu, inda ake yin wata shida ana karatun lissafi, da kimiyyar zarra, da ilimin zafi da tururi, da lantarki, da sinadaran ruwa, da halayyar ƙarafa idan gubar nukiliya ta daɗe tana dukansu. Darussan sirri ne, ba a fita da takarda ko ɗaya daga ginin, saboda haka bita ma a cikin aji ake yin ta da dare, kuma wanda makinsa ya yi ƙasa akan yanka masa adadin sa'o'in da dole ya zauna. Wannan sirri ne ya sa ba a iya fara komai ba sai da ƙasashen uku suka sanya hannu a kan yarjejeniyar musayar bayanan nukiliyar jiragen ruwa a watan Nuwamban 2021, majalisar dokokin Amurka kuma ta buɗe hanyar karɓar hafsoshin Ostareliya a dokar tsaron da ta zartar a ƙarshen 2022. Uku na farko sun kammala wannan zango a watan Yulin 2023.

Zango na biyu ne ya fi ba ni sha'awa, domin a nan ake gane wanda ya haddace da wanda ya fahimta. Wata shida ne a kan tukunya ta gaske mai aiki, ko dai a wata cibiya da ke jihar New York, ko a Charleston cikin tsofaffin jirage biyu, La Jolla da San Francisco, waɗanda aka cire wa makamai aka ɗaure su a bakin kogi suka zama makaranta. Ana ba ɗalibi takardar da ke ɗauke da jerin sassan injin, kuma kowane sashe sai ya bi bututunsa da ƙafa da tocila, ya zana shi daga ka, ya tsaya gaban malami ya amsa tambayoyi kafin a sa masa hannu. Daga nan sai ya fara tsayawa aiki a ƙaramin ɗakin sarrafa tukunya, inda mutum uku suke zaune gaban allunansu, ɗaya na tururi, ɗaya na tukunya, ɗaya na lantarki, shi kuma yana bayansu yana ba da umarni, malami na tsaye a kafaɗarsa. Duk umarnin da ya bayar sai wanda aka ba ya maimaita shi kalma da kalma, shi kuma ya tabbatar, kuma kafin a taɓa kowane maɓalli sai an nuna shi da yatsa an karanta sunansa a bayyane, littafin ƙa'ida yana buɗe a gaba ko da mutum ya yi aikin sau ɗari. Ana cikin haka malamai za su kashe tukunyar da gangan ba tare da sanarwa ba, ƙararrawa ta ɗauka, su zuba ido su ga ko zai faɗi abin da ya dace bisa tsarin da ya dace, kuma ko zai iya bayyana dalilin kowane mataki idan an tsayar da shi an tambaya. Abin da ake nema a dasa masa shi ne bin ƙa'ida sau da ƙafa tare da sanin dalilinta, da kuma ƙarfin halin ƙaramin ma'aikaci ya ce wa na gaba da shi ya dakata idan ya ga kuskure, wanda a aikin soja ba abu ne mai zuwa da sauƙi ba.

Zango na uku gajere ne, kwas ɗin hafsoshin jiragen ƙarƙashin teku a Groton ta jihar Connecticut, daga nan sai jirgin yaƙi. 'Yan Ostareliyan farko an tura su jiragen Virginia da ke sansanin Pearl Harbor na Hawaii a 2024, kuma a ƙarshen shekarar ɗaya daga cikinsu ya karɓi lambar ƙwarewa ta rundunar Amurka a cikin jirgin Vermont. Karatu bai ƙare a nan ba. Bayan kimanin shekara biyu a teku hafsa yakan je hedikwatar hukumar a Washinton ya zauna jarrabawar zama injiniyan jirgi, a rubuce da baki, kuma wanda bai ci ba tafiyarsa ta tsaya. Sa'an nan ya shugabanci sashe, ya zama mataimakin kwamanda, kafin a ba shi jirgi, abin da a Amurka yakan ɗauki shekara 15 ko fiye daga ranar shiga.

In ka ɗora wannan lissafi a kan jadawalin San Diego za ka ga amsar tambayarka. Jirgin da za a miƙa a farkon shekarun 2030 yana bukatar kwamanda, da mataimaki, da injiniya, da manyan masu kula da sassa waɗanda suka shafe shekaru suna tsayawa gaban tukunya, kuma babu inda ɗan Ostareliya zai tara waɗannan shekaru sai a jirgin wani. Ba a fafe gora ranar tafiya. Hasali ma lokacin bai isa a raini kwamanda daga tushe ba, shi ya sa aka fara da waɗanda suka riga suka goge a jiragen Collins, domin a ƙara musu ilimin baya a kan na gaba da suke da shi. Ga kuma batun yawa: jirgin Collins yana ɗaukar mutum kusan 60, na Virginia kuwa kimanin 130, kuma rundunar Ostareliya ta sha fama da ƙarancin ma'aikata ko a jirage shidan da take da su. Duk gogaggen da aka tura Hawaii giɓi ne a wani jirgin Collins da ake son ya ci gaba da aiki har cikin shekarun 2030.

Birtaniya tana da nata tsarin, kuma bambancinsa da na Amurka ba ƙarami ba ne. A jirgin Amurka kowane hafsa, in ban da mai kula da kayan masarufi, ya yi karatun nukiliya, kwamanda kansa ya ci jarrabawar injiniya, don haka idan tukunya ta samu matsala yana magana ne a matsayin wanda ya taɓa riƙe wannan kujera. A jirgin Birtaniya an raba aikin: injiniyoyi ne suke zurfafa a ilimin tukunya su shafe rayuwar aikinsu a kanta, hafsoshin yaƙi kuma su sami ilimin da ya ishe su fahimtar abin da injiniya yake gaya musu, su mayar da hankali ga dabarun yaƙi. Kwamandansu yana fitowa ne ta wani kwas mai tsanani da ake kira Perisher, wanda aka fara tun 1917, kuma wanda ya faɗi ba ya sake aiki a jirgin ƙarƙashin teku. Kowane ɓangare yana da hujja. Amurkawa suna ganin bai kamata a damƙa tukunya ga kwamandan da ba zai iya ƙalubalantar injiniyansa ba, 'yan Birtaniya kuma suna ganin tsarin Amurka yana cinye shekarun da hafsa zai yi yana koyon farautar abokin gaba. Ostareliya ta gaji tsarin Birtaniya, kwamandojinta sun daɗe suna bin Perisher, da farko a Birtaniya, daga baya a wajen 'yan Holan bayan Birtaniya ta daina amfani da jiragen dizal a shekarun 1990. Yanzu ga ta tana tura wasu Charleston, wasu kuma makarantar HMS Sultan da ke Gosport a kudancin Ingila, inda uku na farko suka kammala kwas ɗin tukunyar nukiliya a tsakiyar 2024 kafin su wuce jiragen nukiliyar Birtaniya samfurin Astute da ke Faslane a Skotlan. A ganina wannan ne kulli mafi wuyar kwancewa a shirin duka, kuma ba a cika maganarsa ba: ƙaramar runduna za ta riƙe jirgin Amurka bisa sharuɗɗan Amurka, ta kuma shirya wa jirgin da za a ƙera a Adelaide, wanda tukunyarsa ta kamfanin Rolls-Royce na Birtaniya ce, da mutanen da aka raina a gidaje biyu masu bambancin tarbiyya. Dole wata rana ta tsayar da tsari guda nata, kuma muddin jiragen Virginia ne a hannunta, da wuya ta kauce wa na Amurka.

Hafsoshi ne ake gani a hotuna, amma su ne kaso mafi ƙanƙanta. Ƙananan sojoji masu aikin lantarki da kanikanci sun fara bin makarantun Amurka a bayansu, wasu sama da 30 kuma aka tura su jirgin gyara mai suna Emory S. Land a tsibirin Guam a farkon 2024, kuma a watan Agustan shekarar suka taho tare da shi Stirling suka yi aikin gyara a jikin jirgin nukiliyar Amurka mai suna Hawaii, karo na farko da 'yan Ostareliya suka sa hannu a irin wannan aiki a ƙasarsu. Ma'aikatan farar hula na ASC, kamfanin Ostareliya da ya ƙera jiragen Collins, suna koyo a ma'aikatar gyaran jirage ta Pearl Harbor. Sa'an nan ga hukumar sa ido da majalisar Ostareliya ta yi wa doka a 2024, wadda ita ma tana bukatar mutanen da suka san tukunya har za su iya hana runduna kunna ta, irin waɗannan kuwa daga cikin tsofaffin ma'aikatan jirage ake samunsu, waɗanda ƙasar ba ta da su tukuna.

Kafin wannan shiri, sau ɗaya tak Amurka ta taɓa ba wata ƙasa wannan fasaha, wato Birtaniya a ƙarƙashin yarjejeniyar 1958, inda aka ɗauki cikakkiyar tukunyar Amurka aka sa a jirgin Dreadnought da ya fara aiki a 1963. Bambancin shi ne Birtaniya ta riga tana da masana nukiliya da tashoshinta, don haka a 1966 ta fitar da Valiant da tukunyar da ta ƙera da kanta. Indiya ta bi wata hanyar, ta yi hayar jirgi daga Tarayyar Sobiyet daga 1988 zuwa 1991, ta sake yin hayar wani daga Rasha a 2012, ta yi amfani da su wajen rainon ma'aikatan jiragen da take ƙerawa a gida. Ostareliya ba ta da niyyar ƙera tukunya ko kaɗan, a rufe da walda za a riƙa kawo mata, abin da ya kai mu ga ɓangare na biyu na tambayarka.

Jiragen ba za su ɗauki makaman nukiliya ba, makamansu nakiyoyin ruwa ne da makamai masu linzami na yau da kullum, kuma abin da ake koya wa hafsa a Charleston sarrafa tukunya ne, ba shi da alaƙa da haɗa bam. Duk da haka damuwarka tana da tushe ta wata fuskar. Tukwanen jiragen Amurka da Birtaniya suna aiki ne da yuraniyom da aka tace sama da kashi 90 cikin 100, wato irin wanda ake yin bam da shi, kuma saboda haka ne tukunyar Virginia take iya yin shekara 33 ba a sake mata makamashi ba. Duniya ta shafe shekaru tana kwashe irin wannan yuraniyom daga ƙasashen da ba su da makaman nukiliya, har ƙaramar tukunyar bincike ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya an sauya mata makamashi zuwa mai ƙarancin tacewa a 2018, aka mayar da tsohon ƙasar Sin. Yarjejeniyar sa ido ta IAEA, hukumar kula da makamashin nukiliya ta duniya, tana da sakin layi na 14 da ya ba da damar cire makamashin jiragen soja daga binciken yau da kullum, kuma ana tattaunawa da Ostareliya kan yadda za a yi amfani da shi. Hujjar ƙasashen uku ita ce ba za a iya buɗe tukunyar ba tare da an lalata jirgin ba, kuma Ostareliya ta yi alkawarin ba za ta tace yuraniyom ko ta sake sarrafa wanda aka yi amfani da shi ba. Ƙasar Sin ta yi watsi da wannan hujja. Ni dai ban ga alamar Ostareliya na neman bam ba, abin tsoron shi ne ƙofar da za a buɗe, domin wata ƙasar mai wata manufa za ta iya cewa ita ma jirgi take son ginawa, ta nemi a ɗauke ido daga yuraniyom ɗinta.

Akwai kuma farashin da horon kansa yake ɗauke da shi, wanda tsofaffin firaministocin Ostareliya irin su Paul Keating da Malcolm Turnbull suka yi ta nunawa. Ɗan Ostareliyan da ke aiki a jirgin Amurka yana ƙarƙashin umarnin kwamandan Amurka, kuma jirgin da ke sintiri a ɓoye ba zai taso ya sauke shi ba don rikici ya ɓarke da wata ƙasar da gwamnatinsa ba ta yanke shawarar yaƙa ba. Gwamnatin Ostareliya tana cewa jiragen da za ta saya za su kasance ƙarƙashin tutarta da ikonta kaɗai, kuma a bisa doka haka ne, amma rundunar da makarantarta, da jarrabawarta, da kayan gyaranta duk suna hannun wata ƙasa, ikonta yana da iyaka ko da ba a rubuta ba. Sa'an nan sayarwar kanta ba tabbas ba ce. Ma'aikatun Amurka suna fitar da jirgin Virginia ɗaya da ɗoriya ne a shekara, alhali ana bukatar sama da biyu kafin a biya bukatar rundunar Amurka a kuma sami na sayarwa, shi ya sa Ostareliya ta yi alkawarin zuba dalar Amurka biliyan 3 a waɗannan ma'aikatu. Dokar da majalisar Amurka ta zartar a watan Disambar 2023 ta amince da cinikin, amma ta ɗora sharaɗin cewa kwana 270 kafin a miƙa jirgi sai shugaban ƙasar da ke kan mulki a lokacin ya tabbatar wa majalisa cewa miƙawar ba za ta rage ƙarfin Amurka a ƙarƙashin teku ba. Idan ya ƙi sa hannu, mai yiwuwa hafsoshin da aka horar su ci gaba da aiki a jiragen Amurka da Birtaniya da ke zuwa Stirling, har sai an gama ƙera na Adelaide a shekarun 2040.